Kuɗi sun tafi, gini na tsaye a linta: a ƙara wa ɗan kwangila ko a sallame shi?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na daɗe a zauren nan ina karanta abin da ake tattaunawa ban taɓa sa baki ba, yau dai tura ta kai bango. Ina aiki a Jidda. A watan Maris na 2023 na ba wani ɗan kwangila ginin filat huɗu a filina da ke bayan gari a Kano, biyu ƙasa biyu sama, a kan naira miliyan 38, kaya nasa aiki nasa, ni dai ya miƙo mini makulli. Ƙanena ne ke tsaye a kai, ta hannunsa nake turo kuɗi. Zuwa yanzu miliyan 24 sun fita daga hannuna. Gini kuwa ƙasan ne kawai ya kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi, ko dekin, kankaren da hawan sama zai zauna a kai, ba a zuba ba. Jiya mutumin ya kira ni wai sai an sake zama, tsohon ciniki ya mutu, in ba a ƙara masa miliyan 20 a kai ba, ba zai iya ci gaba ba. Masu sani, in ƙara masa ne ko in sallame shi in nemi wani?

Ɗan Kurna:
Wa alaikumus salam. Wannan ai ba ta buƙatar dogon Turanci. Miliyan 24 a linta? Kura ka ba ajiyar nama, Alhaji. Ka sallame shi yau, kuma ko shebur kada a bari ya ɗauka daga wurin sai ya yi bayanin kuɗinka.

Maman Walida:
Allah ya mayar maka da alheri, Baban Hanif. Abin da ya sa ni har gobe ba na ba da gini kwangila ke nan. Gidana na Kaduna ni na tsaya a kansa tun daga haƙan harsashi har fenti. Ni ke sayo siminti, ni ke kiran mai tifa, birkila kuma jinga muke yi da shi: bulo kaza a kan kuɗi kaza, ya gama in ƙirga in biya. Kafinta haka, mai ɗaurin rodi haka. Makullin sito a jakata yake kwana. Da yamma fankon buhuna nake ƙirgawa, in an ce mini an kwaɓa goma sha biyu, to sai na ga goma sha biyu a zube. Dariya suke mini wai Hajiya ta fi foman tsanani. Na dai gama gidana ba na bin kowa, ba wanda ke bi na.

Alhaji Mai Kwangila:
Ɗan Kurna, a riƙa jin ta bakin ɗaya ɓangaren kafin a yanke hukunci. Ban san mutumin nan ba, ba kuma kare shi nake yi ba, amma ku dubi watan da aka ambata. Maris 2023 buhun siminti yana wajen dubu huɗu da rabi zuwa dubu biyar. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin mai, watan Yuni aka saki naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura dubu goma a wurare da yawa, har sai da gwamnati ta kira Dangote da BUA da Lafarge aka zauna a Abuja, aka ce a dawo da shi tsakanin dubu bakwai da takwas. Rodi ya tashi, kuɗin tifa ya tashi, ladan lebura ya tashi tunda shi ma abinci yake saye. Duk wanda ya karɓi aiki a dunƙule farkon shekarar nan bai gama da wuri ba, jikinsa ya gaya masa. Ni kaina akwai aikin da sai da na sayar da motata na ƙarasa shi don kare mutunci.

Ɗan Kurna:
To Alhaji, ai da kuɗi a hannunsa. Me ya hana ya sayi kaya ya jibge tun suna araha?

Mai Ƙiyasi:
Tambayar Ɗan Kurna tana kan hanya, amma amsarta tana wurin mai gini. Baban Hanif, miliyan 24 ɗin nan lokaci guda ka bayar ko gutsi-gutsi, kuma a waɗanne watanni? Akwai takardar da kuka sa wa hannu? Akwai takardar ƙiyasi da ta jera buhu nawa, bulo nawa, tan nawa na rodi? Sannan ka faɗa mana tsakani da Allah, bayan an fara aiki ka canza wani abu a ginin?

Baban Hanif:
Gaskiya babu takarda. Da na zo hutu muka zauna a shagon wani abokina muka yi ciniki a gaban mutum biyu, sauran kuma duk saƙon murya ne a WhatsApp. Kuɗi na ba da miliyan 10 a Maris, miliyan 6 a Yuni. Daga nan abubuwa suka ɗan tsaya mini a wurin aiki, ban sake turawa ba sai Janairun 2024, shi ma kaɗan-kaɗan har suka cika takwas. Canji kuwa, na sa an ƙara shaguna biyu a gaba, an ɗaga katanga, matakalar bene kuma maiɗakina ta ce ba ta son ta a falo, aka fasa aka mayar da ita waje.

Mai Ƙiyasi:
Yauwa. Ka ga yanzu magana ta canza kama. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari, ka yi haƙuri da ni. Wata shida babu kwabo a daidai lokacin da kaya ke tashi kowane mako, ga shaguna biyu da ba sa cikin cinikin farko, ga rushe abin da aka riga aka gina. Ba na cewa mutumin yana da gaskiya. Cewa nake a halin yanzu babu mai iya cewa yana da ita ko ba shi da ita, har shi kansa, saboda ba a taɓa auna aikin ba. Ƙara masa miliyan 20 caca ce, sallamarsa ma caca ce. Abin da ake yi a irin wannan shi ne a kawo mai ƙiyasi ya je da tef ya auna duk abin da ke ƙasa: haƙa, kankaren harsashi, ciko, jaman fulo (kankaren daɓen ƙasa), ginshiƙai, bulo, linta, katanga, shaguna, da kayan da suka rage a sito. Bango ba ya ƙarya. Murabba'in mita ɗaya bulo goma yake ci. Kankare mai haɗin ɗaya-biyu-huɗu, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu, kowace kubik mita tana cin buhu shida da ɗan wani abu. Sai a yi wa kowane sashe kuɗi da farashin watan da aka yi shi, ba farashin yau ba. Jimillar ita za a ajiye kusa da miliyan 24, a ga wa ke bin wani.

Tsohon Birkila:
Ina gaishe da manya. Shekarata arba'in da cokalin gini a hannu, bari in amsa wa Ɗan Kurna. Ɗana, rodi ana jibgewa, bulo ana jibgewa, siminti ba ya jibguwa. Ka ajiye shi wata biyu zuwa uku, musamman da damina, sai ka zo ka tarar ya fara dunƙulewa, ƙarfinsa ya ragu ko da ido bai nuna maka ba. Kuma abin da masu gini ba sa lissafawa, ranar da kuɗi suka tsaya ma'aikata watsewa suke yi. Birkilan kirki ba ya zaman jiran wanda ke Jidda, yana da iyali. In kuɗi sun dawo sai a kwaso wanda aka samu a bakin titi. Katakon da aka kafa ya sha rana da ruwa ya lanƙwashe, yashi yara sun watsar, mai gadi kuma duk wata sai an biya shi ko an ɗora bulo ko ba a ɗora ba. Gini irin tuwo ne, in ka sauke shi bai nuna ba, mayar da shi wuta sai ya ci itace biyu.

Hajiya Maman Walida kuma, Allah ya ƙara ido. Amma jinga tana da nata ciwon. Wanda kika ce za ki biya da ƙirgen bulo, gudu zai yi, ba ruwansa da igiya, ba ruwansa da cika tsakani. Mai filasta ne zai zo ya ci miki siminti wajen rufe karkatar.

Maman Walida:
Baba, wannan gaskiya ne, na gani a ɗakin baƙi. Bango ɗaya sai da ya sha filasta kamar katifa.

Injiniya:
Salam. Na karanta tun daga sama, kowa na maganar kuɗi, ni kuma abin da ya tsaya mini daban ne. Baban Hanif, wa ya zana ginin? Ba zanen ɗakuna nake nufi ba, zanen ƙarfe: girman harsashi, kaurin ginshiƙi, rodi nawa a ciki, tazarar ɗauri. Kuma da aka cire matakala daga falo, wa ya ce ginshiƙan da ke wurin za su iya zama yadda aka bar su?

Baban Hanif:
Injiniya, zanen na gidan abokina ne da ya gina a Zariya, ya burge ni na karɓi kwafi. Na ɗakuna ne kawai. Rodi ɗan kwangilar ya ce ya san yadda ake sawa, ya yi benaye da yawa.

Injiniya:
To don Allah kada a zuba dekin ɗin nan. Ko mutumin ya ce kyauta zai ƙarasa maka, a dakata. Tsayawar aikin nan wataƙila rahama ce. Za ka ɗora kankare mai kaurin inci shida a kan ginshiƙan da babu wanda ya lissafa nauyin da za su ɗauka, a kan ƙasar da babu wanda ya gwada. Dekin mai faɗin murabba'in mita 200 kankarensa kaɗai ya kai kubik mita 30, nauyinsa ya haura tan 70, ba a sa bangon sama da rufi da tankin ruwa da mutane ba. Ƙasar Zariya daban, ta filinka daban, kuma a Kano unguwanni nawa ne aka gina a kan tsohon kududdufi da aka cike da shara? Ka nemi injiniyan gini mai rajista da COREN, hukumar da ke yi wa injiniyoyi rajista a Najeriya, ka ce ya nuna maka lambarsa. Zai tona gefen ginshiƙi biyu ko uku ya ga faɗin ƙafarsu da zurfinsu, ya gwada ƙarfin kankaren, ya ɗan fasa ya ga rodin da ke ciki. Sannan takardar izinin gini fa? In babu ta KNUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kano, wata rana jan fenti za ka tarar a katanga, kuma su ma ba za su karɓi zanen bene babu zanen ƙarfe mai hatimi ba.

Tsohon Birkila:
Injiniya, da girmanka, amma ku ma kuna da naku. Benaye nawa muka gina a cikin Birni da Fagge babu takarda ko ɗaya, suna nan tsaye jikoki na ciki? Na sha ganin yaro ya zo da hular kwano da takarda, bai san bambancin yashin kogi da na kwari ba, ya sa hannu ya karɓi kuɗinsa, ranar zuba kankare ba a gan shi ba. Mu ne dai a rana.

Injiniya:
Baba, ban musa ba, kuma injiniyan da zai sa hatimi ya ƙi zuwa ranar zubi ya ci amanar aikinsa. Na koyi abubuwa a wurin irinku da ba a koya mini a jami'a ba. Amma ka tuna da kayan da kuka yi aiki da su a da. Yau ka je kasuwa ka ce a ba ka rodi mai lamba 12, wato mai kaurin milimita 12, in ba ka sa ma'auni ba sai a haɗa ka da wanda bai kai ba, tsawonsa ma bai cika mita 12 ba. Tan ɗaya na cikakken 12 sanda 93 ne zuwa 94, na 16 kuwa 52 zuwa 53. Duk wanda ya ba ka fiye da haka a tan ba kyauta ya yi maka ba, sirara ya ba ka. Bulo kuma ka fi ni sani, akwai masu buga hamsin a buhu ɗaya, ka ɗaga shi ya ruguje a hannu. Idonka yana gane waɗannan, amma ba kowane wurin gini ke da kai ba. Lissafi shi ne abin da ke tsayawa inda babu irinka. Benen titin Beirut da ya rufta a Kano a Agustan 2022 ana cikin gina shi ne. Na Ikoyi a Legas mai hawa 21, ranar 1 ga Nuwamban 2021, ya kashe sama da mutum 40 har da mai ginin, kuma kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya riga ya rubuta takardar janye hannunsa tun 2020. Ba a rasa masu sani a wurin ba, maganarsu ce ba ta da nauyin tsayar da aiki.

Tsohon Birkila:
Wannan ta ƙarshen na yarda da ita. Sau nawa na ce wa mai gida a bar katakon dekin ya cika kwana 21, ya ce kafinta na son kayansa a wani wuri. Ka ce a yi ban-ruwa mako guda safe da yamma, balle da hunturu da iska ke shanye kankare kafin ya kama, ya ce kuɗin mai kurar ruwa ya yi yawa. Mai kuɗi shi ne injiniya a ƙasar nan.

Bagombe:
Maganar ƙasa da Injiniya ya yi kada a raina ta. Mu nan gabas akwai baƙar laka a wurare, da damina ta kumbura, da rani ta dare har ƙafa na shiga. Gida ƙasa ma tsagewa yake in ba a yi masa harsashin da ya dace ba. Zanen aro bai san wannan ba.

Maman Walida:
Ni fa babu injiniyan da na kira, kuma shekara shida ko tsaga babu.

Injiniya:
Hajiya, naki bene ne?

Maman Walida:
A'a, ƙasa ne, ɗaki huɗu.

Injiniya:
To kin gani. Kuma kina gari, kullum kina wurin. Tsarinki yana da kyau ga mai irin halinki. Wanda ke Jidda ba shi da jakar da makullin sito zai kwana a ciki.

Baban Hanif:
Jama'a, wata sabuwa. Na kira ɗan kwangilar na ce ya lissafo mini abin da ya karɓa. Ya ce miliyan 21, ya turo hotunan alat ɗinsa duka. Na kira ƙanena, da farko ya yi ta kewaye-kewaye, daga baya ya fashe da kuka. Lokacin da Hajiyarmu ta kwanta asibiti bara ya taɓa, da bikin autarmu ya zo kayan ɗaki suka gaza ya sake taɓawa, yana cewa zai mayar kafin in sani. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ba zan iya cewa ya ci ba, tunda da ya tambaye ni ma zan bayar.

Ɗan Kurna:
Innalillahi. To na janye rabin maganata a kan ɗan kwangila. Rabi fa.

Malam Na Tudun Wada:
Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya sa albarka a auren. Baban Hanif, ka sassauta wa yaron a zuci, amma ku kira abin da sunansa: amana ce aka taɓa ba da izini ba, ta zama bashi a kansa sai in ka yafe da bakinka. Abin da nake so 'yan zaure su lura da shi, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, da shaidu, kuma ta ce kada a ƙosa da rubuta shi ƙarami ne ko babba. Sahabbai aka fara gaya wa haka, waɗanda suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mu kuma sai mu ga kamar neman takarda zargi ne. Malaman fiƙihu da suka yi magana a kan cinikin abin da za a ƙera ko a gina, sharaɗin da suka fi nanatawa shi ne a siffanta abin yadda jayayya ba za ta taso ba. "Filat huɗu, ka miƙo makulli" ba siffa ba ce. Wane irin tayil, wane irin kwano, ƙofar ƙarfe ko ta katako? Shi ma ɗan kwangila yana da haƙƙi, in ya yi aikin da ba ya cikin ciniki da umarninka, sai ka biya shi.

Mai Ƙiyasi:
Allah ya saka, Malam. Baban Hanif, ba don in ƙara maka zafi ba, amma ka ɗora wa ƙanenka abin da ya fi ƙarfinsa. Shi ne ma'aji, shi ne mai duba aiki, shi ne ɗan aike, ga shi ɗan gida da kowace matsala ta taso shi ake kallo saboda an san kuɗi na hannunsa. Ko bai taɓa sisi ba, me ya sani a rodi da zai ce wa ɗan kwangila wannan bai yi ba? A wurin gini hannu uku ne bai kamata su haɗu a jikin mutum ɗaya ba: mai yin aiki, mai cewa aikin ya yi, da mai sakin kuɗi. Kai ne na ukun, kuma daga Jidda wayarka ta isa, kai tsaye zuwa asusun mai aiki. Na biyun kuwa ka ɗauko wanda sana'arsa ke nan, ka biya shi da kanka, kada ya zama ɗan kwangila ne ya kawo shi ko yake ba shi na mai. Sai ya je ya gani ya rubuto cewa an kammala mataki kaza, kana ka biya kuɗin matakin. Ba "kuɗi sun ƙare, a turo" ba. Harsashi zuwa jaman fulo, zuwa linta, dekin, sama zuwa linta, rufi, sannan wayarin da famfo da filasta, sannan gamawa. Kowane biya ka riƙe kashi 5 cikin ɗari, rabi ka sake ranar karɓar makulli, sauran bayan wata shida, in so samu ne damina ta ratsa a ga inda ke yoyo.

Alhaji Mai Kwangila:
Na yarda da duk wannan, amma takardar ta zama mai baki biyu. Kullum sharuɗɗan kan ɗan kwangila ake jibgawa. A rubuta cewa in an kammala mataki mai gini zai biya cikin kwana kaza, in ya wuce, abin da ya ƙaru a kasuwa nasa ne. A rubuta farashin siminti da rodi na ranar sa hannu, in sun motsa fiye da kaza a sake lissafin wannan ɓangaren kaɗai, sama ko ƙasa. Duk canji kuma, ko taga ce za a matsar, a yi masa kuɗi a rubuce kafin a ɗaga guduma. Mu abin da ke kashe mu ke nan: Hajiya ta zo zagaye ta ce a fasa nan, Alhaji ya ce ai ƙaramin abu ne, ranar lissafi kowa ya manta. Kafin alƙalami ma a ba da mai ma'ana. Gwamnati kanta dokar sayen kaya da ba da kwangila ta 2007 kashi 15 ta ƙayyade, daga baya aka ɗaga zuwa 30, kuma sai ka kawo takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora.

Mai Ƙiyasi:
Alhaji, ka faɗi ta ƙarshen da ƙarfi, lamunin banki. Ku kuna son kashi 30 na gwamnati amma ba kwa son sharaɗinsa.

Alhaji Mai Kwangila:
Hhh. Wane banki ne zai tsaya wa mai ginin filat huɗu? A ba ni kuɗin rodi in saya a sauke a filinka, ka ga kayanka a ƙasa, shi ne lamunin talaka.

Mai Ƙiyasi:
Wannan kam na karɓa. Da rasit, kuma a ƙirga a gaban mai duba aiki.

Ɗan Kurna:
Ni har yanzu ban ga amsar tambayar ba. A ƙara masa ko a kore shi? Kuma duk wannan injiniya da mai ƙiyasi da kuke lissafowa ai kuɗi ne, mutumin da kuɗinsa suka maƙale za ku ƙara wa kashewa.

Injiniya:
Abin da zai biya mu biyun bai kai kuɗin simintin dekin ɗin kaɗai ba, kuma buhu wajen 190 ake magana ban da bim, wato gwangwalar kankaren da ke tallafe dekin. Korar kuwa ba ta da arha yadda kake gani. Sabon da zai zo abu na farko da zai ce shi ne duk aikin baya banza ne, don in an samu matsala gobe ba shi ba ne. Ga wanda ya san abin da ya binne a ƙasa ka kore shi da fushi, ba zai ƙara ɗaga wayarka ba. A auna tukuna.

Shugaban Zaure:
Masu turo wa Baban Hanif tallar kamfaninsu ta bayan fage, an kawo mini ƙara. A bari.

Baban Hanif:
Salam 'yan'uwa, na dawo da bayani bayan kwana tara. Na samu injiniya da mai ƙiyasi ta hannun wani tsohon abokin karatuna, sun je ranar Asabar, ɗan kwangila na wurin, ni ina kallo ta bidiyo. An tona ginshiƙi uku. Biyu lafiya, na wajen tsohuwar matakala ƙafarsa ta yi ƙanƙanta, kuma injiniya ya ce tazarar falon ta yi faɗi, sai an ƙara ginshiƙi ɗaya da bim kafin a yi maganar dekin. Ya ce zai zana na ƙarfe gaba ɗaya mu kai neman izini. Awo kuma ya nuna aikin da ke ƙasa, har da shaguna da katanga da rodin da ya saya ya ajiye tun bara, ya kama miliyan 19 da ɗoriya. Ke nan abin da ke hannunsa bai kai miliyan biyu ba, ba kamar yadda na zata ba. Mun bar tsohon ciniki. Zai ci gaba a kan kuɗin aiki kawai, mataki-mataki, kaya kuma ni zan riƙa biyan dila kai tsaye. Na kuma yanke in tsaya a dekin in gyara ƙasan da shagunan a sa haya, sama sai Allah ya hore. Inda muka maƙale shi ne gyaran ginshiƙin. Ni na ce shi ya yi shi ba daidai ba, shi ya ce da matakala na wurinta da bangonta ya taimaka, ni na sa aka cire.

Alhaji Mai Kwangila:
Ku raba biyu.

Mai Ƙiyasi:
A'a Alhaji. Ƙaramar ƙafa tun ran gini aka yi ta, kafin a yi zancen matakala, wannan nasa ne. Sabon ginshiƙi da bim na falo kuwa na mai gini ne. Injiniyan ya raba muku su a rubuce, kowa ya ɗauki nasa.

Maman Walida:
To wa zai riƙe makullin sito yanzu?

Baban Hanif:
Ƙanen nawa dai, Hajiya. Kuɗi ba za su sake bi ta hannunsa ba, amma ƙirgen buhu zai iya. Na ce kullum da magariba ya turo mini hoton fanko.

Tsohon Birkila:
Ka ce ya riƙa yaga su biyu bayan ya ɗauki hoton. Na san yaran da ke ajiye fankon jiya su ƙara a na yau. Kuma ranar zuba dekin a fara da asuba, a tanadi ruwa tun daren, a tabbatar injin girgiza kankare yana tashi kafin a kwaɓa buhun farko. Wata ne za ku zuba?

Baban Hanif:
In takarda ta fito da wuri, bayan ƙaramar salla in sha Allahu, Baba. Ina so in zo da kaina.